Kwamfutar da Ƙanena Bello Ya Ce Kada a Kashe

Damina bakwai ke nan da muka binne ƙanena Bello a Kebbe. Ban yi boko ba. Shi ya yi. Shi ya samo mini aikin kula da janareto a ɗakin jarrabawar kwamfuta da yake aiki a Tambuwal.

Kwamfutocin tsofaffi ne, ɗan batirin da ke riƙe musu agogo ya mutu. Da wuta ta ɗauke, kowace sai ta manta lokaci. Akwai guda a lungu, ita kaɗai batirinta ke da rai, babu mai zama gabanta. Kullum da safe Bello yakan saita agogonta da na rediyo, sauran su karɓi lokaci daga gare ta ta waya.

Sau ɗaya ya yi mini zancenta. Ya ce, "Yaya, wagga ita ta uwassu. In ta yi kwana, ɗiyan duk sun ɓace."

Na ce, "Uwar da ba ta aikin komai sai shan mai?" Ya yi dariya. Na ɗauka wasa ne.

Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da shi. Bayan sadakar arba'in, janareto ya fara tari. Na duba nauyin da zan rage masa, na zare wayar ta lungu. Ban tambayi kowa ba.

Ranar jarrabawa 'yata Hadiza na cikin masu zama. Tun safe aka kawo ta a babur daga Kebbe. Bello ne ya koya mata taɓa kwamfuta, shi ya sa mata son aikin jinya. Na tada injin, kowace kwamfuta ta farka da nata lokacin. Wasu suka ƙi buɗewa. Ta Hadiza ta rufe tana tsakiyar amsa, wai lokaci ya cika. Yara suna kuka. Aka zagi rana, aka zagi intanet.

Bayan mako biyu wani mai gyara ya zo daga Sakkwato. Ya bi waya ɗaya bayan ɗaya har lungu.

Ya ce, "Baba, wa ya cire wannan?"

Na ce, "Ni."

Hadiza ba ta sake zama jarrabawa ba. Tana ɗinki a Kebbe. Ba ta taɓa tada mini maganar ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Yau rabin kwamfutocin sun mutu, babu mai tambayar rediyo ƙarfe nawa. Da Bello zai leƙo, ban ce zai yi faɗa ba. Zai durƙusa ya mayar da waya, kamar yadda ya saba. Wannan ne ke cina.

Abin da ya rage nasa takarda ce da ya manna a jikin kwamfutar lungun. Ina ganinta kullum, ranar da na zare wayar ma na gan ta. Mai gyaran ne ya karanta mini: "Kada a kashe."