Abin da Inna ta Saya a Kasuwar Jega

Mun tashi da asuba daga Aliero, ni da Inna da ƙanena, za mu kai shi wurin wani mai magani a wani ƙauye gaba da Maiyama. Tun bara hankalinsa ya taɓu. Asibiti mun je, an ba shi ƙwayoyi, sai barci yake yi yana dalalar da miyau. Inna ta ce iska ce ta shafe shi, ba aikin likita ba ne.

Motar da muka samu cike take da buhunan albasa, har rigata ta ɗauki wari. Duk hanya ina riƙe da hannun ƙanena, ina tsoron kada ya buɗe ƙofa. A Jega ranar kasuwa ce, na tsaya saya mana fura, Inna ta ɓace cikin layin maƙera. Sai da muka gaji da jira kafin ta dawo. Daga Maiyama muka hau babur.

Mai maganin ya tarbe mu da tabarma da ruwan sanyi, ya zauna ya saurari Inna har ta gaji da magana. A asibiti ba a taɓa yi mata haka ba. Ya ce, "Ba gadon gidanku ba ne, Inna. Iska ce, kuma tana hita." Na ga hankalinta ya kwanta.

Sai ya zagaya da mu bayan gida. Innalillahi! Mutane ne zaune ƙarƙashin itatuwa, kowa ɗaure da marin ƙarfe a ƙafa. Ya tambaya, "Kun zo da naku?" Ashe a nan dangi ne ke kawo mari da kwaɗo. Kafin in buɗe baki Inna ta zaro sabo fil daga jakarta.

Ƙanena ya miƙe ƙafa da kansa. "Yaya, a sa min a ta hagu. Ta dama igiya ta ci ta."

"Inna, wace igiya?"

"In kun tahi aiki, wa ka riƙe min shi? Sau nawa mota ta kusa take shi?"

Ban iya barinsa a can ba. Na ba mai maganin haƙuri, muka juyo gida da ƙanena.

Tafiyar nan ta nuna min ba rashin sani ne ya kai Inna wurin ba, gajiya ce da rashin mai saurare. Na kwaso tabarmata na koma ɗakin ƙanena, za mu kuma koma wurin likita a duba ƙwayoyin. Marin kuwa yana ƙarƙashin gadon Inna, ta ƙi yarda in jefar.