Baba Kafinta, Wanda Ya Zauna Da Mu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Baba Kafinta a asibiti, bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya. Ina cikin yanka yadi autarsa ta kira ni. Na ajiye almakashi, na rasa inda zan sa hannuwana.

Baba, ka haura sittin kafin ka san sunan abin da ke damunka. Kai da bakinka ka ba mu labari: ka raka autarka wurin likita saboda karatun jami'a yana neman gagararta. Likita ya shiga bayanin larurar da ake kira ADHD, mai hana mutum natsuwa, mai tarwatsa hankali, mai sa mantuwa da fara abu a kasa gamawa. Sai ka ɗaga hannu ka ce, "Likita, dakata. Yarinyar nan kake karantawa ko ubanta?" Duk sanda ka faɗa muna dariya. Sau ɗaya kawai ka ƙara mana da cewa a ranar ka zauna cikin mota ka yi kuka, don tun kana yaro ake ce maka malalaci, kai ma har ka yarda.

Daga nan ka buɗe mana bayan shagonka, mu masu fama da irin wannan larura. Kowace Asabar da yamma kakan share garin katako, ka jera benci. Direba yana zuwa, da malamar makaranta, da mai gyaran waya, da iyayen da suka gaji da kiran da ake yi musu daga makaranta. Ba ka taɓa tambayar kowa dalilin makararsa ba. Wanda zama ya gagara sai ka miƙa masa guntun katako da takardar gogewa, ya yi ta shafa yana saurare. Sunayenmu kuwa ba ka riƙe ko ɗaya ba: kowa “ɗan nan” ne ko “'yar nan”. Idan aka tambaye ka batun magani sai ka ce, "Ni katako na sani." Amma kai ka roƙi wata likita ta riƙa leƙo mu, kai ne kuma mai raka duk wanda ke jin nauyin zuwa asibiti.

Ni tela ne, kuma lokacin da na fara zuwa, shagona ya kusa rufewa. Ɗinkin mutane ya taru har kan keken ɗinki, kowanne an fara an bari. Masu kaya suna zuwa har gida suna zagi. Matata ta gaji da alkawuran da ba sa cika, ta koma gidansu da 'ya'yanmu.

Wata safiya sai ga ka a ƙofar shago, ka jawo kujera. Ka ce, "Ba hira na zo ba. Ɗauki riga ɗaya. Ɗaya fa, ɗan nan." Na fara. Da na miƙe zan duba waya, ka ce, "Hannun riga yana jiranka." Haka ka yi ta zuwa har tulin ya sauka. Ina kallon yadda ƙafarka ke rawa, na san zaman nan azaba ne gare ka, kai da ba ka iya shan shayi a zaune. Ka daure saboda ni.

Kai ka je wurin surukina. Ban san duk abin da ka faɗa masa ba, sai dai matata ta ce ta ji ka ce, "Alhaji, yaron nan ba raini yake yi ba. Larura ce, tana da likita, kuma ya fara zuwa." Ta dawo. Yanzu ita take tara matan da mazajensu irina ne, suna koya wa juna haƙuri da dabara.

Ranar da muka je gaisuwa, Inna, uwargidanka, ta sa aka buɗe mana ɗakin ajiyarka. Ga kujeru marasa ƙafa, ga kabad babu ƙofa, ga gadon jariri da wanda aka yi dominsa ya riga ya shiga makaranta. Ta ce, "Tun ina amarya nake faɗa da shi a kan waɗannan." Sai ta juyo ta dube mu, mun cika tsakar gida har waje. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Ashe ga inda aikin nasa yake."



Inna, Allah Ya ba ki dangana. Auta da yayyenki, Allah Ya tsaya muku, Ya sa ku gaji halinsa. 'Yan zaman Asabar, mu yi wa juna ta'aziyya, domin uba muka rasa.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa, Ka yafe masa abin da ya manta, Ka karɓi abin da ya aikata. Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi. Ka ba shi natsuwar da ya nema wa wasu bai samu cikakkiya ba a duniya. Amin.