Goɗiyar Aƙilu mai faci

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a unguwar Bolari ya san Aƙilu mai faci. Mutum ne da idan ya fara ba ka labarin goɗiyarsa Bidi, sai facin da ya yi maka ya tsufa kana zaune. A wajen mahaifinsa ya gaje ta, ita da turkenta da ɗan fili a bayan gida. A cewarsa Bidi ta fi rabin mutanen unguwa hankali, sauran rabin ma da kaɗan suka tsere mata.

To, sai aka zo raba gado ƙa'idance, filin ya faɗa rabon ƙaninsa. Ƙaninsa ya gina shaguna biyu a filin, mai walda ya kama ɗaya, mai gyaran keke ya kama ɗaya. Bidi ta koma wani lungu tsakanin bango da bango, inda in za ta juya sai ta nemi izinin maƙwabta. Ƙafafunta suka kumbura don rashin tafiya. Matarsa Kande, wadda hannunta ya ƙage da korar ƙuda, takan ce, "Baban Zulfa, ko mu bar mata ɗakin ne mu koma lungun?"

Ana haka abokinsa Bamanga ya kawo labarin wata gona a bayan gari, inda likitocin dabbobi ke bincike a kan haihuwar dawaki, suna neman a ba su goɗiyoyi. Aƙilu ya je ya ga fili iya ganinka, ga harawa tuli kamar dutse. Aka miƙo masa takarda shafi uku da Turanci, ya sa hannu bai ce a karanta masa ba. Shi a saninsa, tun kaka da kakanni in ka ba mutum dabba mace kiwo, ta haihu ya riƙe ɗan ya dawo maka da uwar, kuma rashin kunya ne ka tambayi ranar dawowa tun ba a je ko'ina ba. Ya dawo Bolari yana shela cewa Bidi ta riga duk danginsu shiga jami'a.

Da ta haihu ya wanke igiya ya tafi ɗauko ta. Nan aka karanta masa takardar: kyauta ya yi, ba kiwo ya bayar ba. Har an sake haɗa ta da wani doki, wani cikin ya shiga. Ya hango ta tsaye cikin wani keji na ƙarfe ana duba cikinta da na'ura, an aske gefen wuyanta, wurin duk tabon allura. Ya naɗe igiyarsa ya sa a aljihu. Tun daga ranar, in an tambaye shi labarin 'yar jami'a sai ya sunkuya ya yi ta buga wa taya iska, ko da ta cika.

Bayan haihuwa ta uku, daga bakin ƙofar gonar ma kana iya ƙirga haƙarƙarinta. Ya tare likitar da ke kula da ita, wata mai suna Jacinta.

"Likita, ita ba ta da hutu ne? Injin niƙa ma ana kashe shi ya huce."

"Baba, abinci da magani tana samu. Amma shekarunta sun ja, ni ma ba na so a sake ɗora mata ciki. Na roƙi masu gonar. Sun ce in kana da wurin da za ta riƙa tafiya, ba a ɗaure ba, ka ɗauke ta kafin ƙarshen wata. Sai dai zan je in ga wurin da idona."

Lungun kuwa tuni mai walda ya rufe shi da kwano ya ajiye janareto. Aƙilu ya rufe wurin faci kwana tara, har masu babur suka fara zuwa yi wa Kande ta'aziyya. Ya taka unguwar Barunde layi-layi yana leƙa kangaye kamar mai neman aljani. Wani tsohon ma'aikaci ya ce da zai ba shi, amma jibi za a zubo bulo. Wani ya ce matarsa ba ta son wari. Mutum ɗaya ne ya ce a kawo ta yau-yau, shi kuma Bamanga ya raɗa masa cewa tsofaffin dawaki yake lodawa a tirela zuwa kudu, ba kuwa don hawa ba.

Ranar ƙarshe ya je gonar. Jacinta ta fito da makullin mota a hannu.

"Mu je in gani, Baba?"

Bidi ta ɗago kai daga cikin harawa ta dube shi, tana tauna a hankali. Aƙilu, wanda bai samo mata ko taku ɗaya na fili ba, ya juyo wajen Jacinta.

"Ki mayar da makullin, Likita," ya ce. "Allurar nan dai, don Allah a riƙa canja mata gefe."