'Yar Kyanwa a Sansanin Huji

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar Talatar da Inna Dije ta shigo sansaninmu na huji kusa da Taba, a ƙasar Kudan. Ranin farko ke nan bayan na kammala makarantar koyon aikin dabbobi, aka ba ni muƙamin ƙaramin malamin dabbobi na En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani. Ga wanda bai san aikin ba, huji shi ne allurar rigakafin bushiya, cutar da ke iya share garke guda cikin 'yan kwanaki. Akan kafa shingen itace, a kora shanu ciki ɗaya bayan ɗaya, a yi wa kowace allura, a yi mata shaida a kunne.

Babban malaminmu ya sallame ni daga Zariya da umarni bayyananne. An ji ɓullar bushiya ta wajen Ikara, maganin kuma ba ya jure zafi. In har Juma'a ta yi shanu ba su zo ba, in naɗe kaya in komo, a aika wanda ya fi ni shekaru. Na aika wa Arɗon rugagen wajen saƙo sau biyu ta hannun mai gari. Amsa ɗaya ce: shanu sun yi nisa wajen kiwo.

Ina zaune gaban shingen da babu ko ɗan maraƙi, sai ga Inna Dije, wata tsohuwa mai tallan nono, da ƙaramar ƙwarya rufe da faifai. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗana, an ce kai ne likitan dabba." Ta ɗaga faifan. 'Yar kyanwa ce da ba ta wuce wata biyu ba. Kwantsa ta liƙe idanunta duka biyu, majina ta bushe a hancinta, tana ta atishawa.

Baba Tanko, wanda ya yi shekara da shekaru yana kama mana shanu, ya leƙa ya fashe da dariya. "Malam, barka! Ga saniyarka ta farko ta iso a ƙwarya. In ɗauko igiya ne, ko za ka iya kayar da ita kai kaɗai?"

"Kai dai tsohon banza ne," in ji Inna Dije. "Ɓeraye sun hana ni ajiye ko dunƙulen man shanu, uwar 'yar kyanwar nan kuma ta mutu. Na sa mata kwalli, na ɗura mata nono, ta ƙi komai."

A makaranta darasi ɗaya tak aka yi mana a kan kyanwa, kuma babu maganinta a akwatina. Na faɗa wa tsohuwar haka, ban ɓoye mata ba cewa mai yiwuwa ido ɗaya ba zai warke ba. Sa'an nan na yi abin da na sani. Na tafasa ruwa da ɗan gishiri, na bari ya huce, na wanke hannuna da sabulu. Na jiƙa auduga na goge idon dama daga gefen hanci zuwa waje, na jefa audugar a wuta, na ɗauki sabuwa domin na hagu. Na roƙe ta ta daina sa kwallin.

Batun ƙin ci kuwa, kyanwa da hanci take sanin abinci; in ya toshe, sai ta mutu da yunwa ga abinci a gabanta. Saboda haka na yi mata sirace yadda iyayenmu ke yi mana in mura ta kama mu. Na kife ta da kwando, na ajiye kaskon ruwan zafi a gefe daga waje, na lulluɓe su da zane. Da hancin ya buɗe, na jiƙa busasshen kifi da ruwan ɗumi na murmushe mata. Ran nan lasa kawai ta yi.

Inna Dije ta dawo Laraba, ta dawo Alhamis, kullum na maimaita aikin daki-daki, Baba Tanko yana tambayar lafiyar garkena. Ranar Alhamis 'yar kyanwar ta cinye kifinta. Idon dama ya buɗe tas, na hagu ya bar ɗan hazo. Shinge kuwa har lokacin wayam, na ma fara ɗaure kayana.

Bayan la'asar Arɗo ya zo da kansa. Ya zauna, muka yi doguwar gaisuwa, sa'an nan ya ce, "Malam, shanu ba su je ko'ina ba. Wanda ya zo mana bara, allura ɗaya ya yi ta soka wa garke har yamma, ta faɗi a ƙasa ya goge a riga ya ci gaba. Shanu da yawa suka yi ƙurji a wuya. Dije yayata ce. Kwana uku ke nan tana hana ni sakat, wai yaron nan ko ga kyanwa ba ya taɓa ido biyu da auduga ɗaya. Nuna mini yadda kake yi da allurarka."

Na hura wuta, na tafasa allurai a gabansa, na bayyana masa lokacin da nake canza su. Ya kalla har na gama, ya miƙe ya ce, "Ka faɗa wa tsohon nan mai kama muku shanu ya kwana da shiri."

Da hantsin Juma'a shinge ya cika, ba mu tashi ba sai Litinin. Bushiya ba ta taɓa rugagen nan ba a ranin, kuma ba a aika kowa a madadina ba.

Ina faɗa wa ƙannena da ke shirin fitowa aiki: makiyayi ba ya karanta takardar shaidarku, kuma ba ya gardama da ma'aikaci a fili. Zai ce shanu sun yi nisa, ya zuba ido ya ga yadda hannunku yake a kan abin da babu mai tuhumarku in kun yi masa sakaci. Ni dai a kan 'yar kyanwa aka gwada ni, kuma ina alfahari da cewa ban san ana gwada ni ba.