Takardar Baba a Bayan Kaset

A shekarar da gyaɗa ta yi mana kyau, ƙanena da ke ɗinki a Kano ya zo gida bayan kaka da wata na'ura a kwali. Gem ake ce mata. Ana haɗa ta da talabijin, a cusa mata kaset ta sama, sai ka ga ɗan mutum yana tsallake ramuka, ko agwagi suna tashi ana harbinsu da bindigar roba. Ba mu da lantarki a lokacin. Da batirin mota ake kunna ta, in ya yi sanyi a kai shi Ɗanbatta caji.

Ɗakina na ƙofar gida ya fi fili, nan aka girke ta. Ban hana ba, na ɗauka abin yara ne. Ashe magidanta ne za su cika min ɗaki daga hantsi har la'asar, da gemunsu, suna ture juna.

Abin da ya fara tayar min da zuciya shi ne yadda ake lallashin kaset in ya ƙi. A zare shi, a hura masa iska. In bai yi ba, a lashi bakinsa, a goga a riga, a miƙa wa na kusa shi ma ya gwada nasa yawun. Mai goro ya lasa, mai mura ya lasa. Abin dannawar kuwa ya sha man ƙuliƙuli har yana santsi.

A ɗakin nake ajiye gafakar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Cikinta akwai warwarar takardu da ya rubuta da ajami: lissafin taurarin damina, da halin kowace gona tamu, wadda ke son shuka da wuri da wadda ke riƙe ruwa. Wata safiya na fito da su ina kwafewa, aka kira ni jana'iza. Na bar su kan akwati.

Da na dawo, ɗaki ya kaure da ihu. Sai idona ya faɗa kan wata takarda da aka ninka huɗu, aka cusa a bayan kaset. Daga bakin ƙofa na gane rubutun hannun mahaifinmu ne.

Na ce, "Wa ya sa wannan?"

Ƙanena bai ko waiwayo ba. "Ni ne, Yaya. Kaset ɗin rawa yake, sai an tokare shi. Don Allah kar ka taɓa, mun yi nisa."

"Ka san abin da ka ninka?"

"Haba Yaya, sai da na duba fa. Ba aya ba ce, Hausa ce kawai."

Wani maƙwabcinmu, mai 'ya'ya biyar, ya ce, "Malam, yi haƙuri ɗan mutumin ya mutu tukuna, saura masa rai ɗaya."

Na zare ta. Hoton ya wargaje, suka yi salati kamar an yi rashi.

Tawadarmu ba ta jure laima. Da na warware takardar, na tarar jan yawun goro ya jiƙa tsakiyarta, layi uku sun narke sun zama dabbare-dabbare. Bayanin gonar fadama ne. Na riƙe ta da yatsa biyu, ina ƙyamarta, alhali rubutun mahaifina ne. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Kafin magariba na sa suka kwashe kayansu. Daga baya na bi dattawan da suka yi noma da shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san abin da ya rubuta a wurin. A kwafin da na yi, na bar gurbin layi uku babu komai.