Ɗan Legas a Ƙofar Gidanmu

Yayana, da ke aikin lodi a tashar jiragen ruwa ta Legas, shi ya kawo mini dashen wani icce a cikin gwangwanin madara. Ya ce a bakin teku yake fitowa, cikin rairayi. Ganyensa kauri da santsi, furensa fari kamar an raba shi biyu. Ba wanda ya san sunansa, sai muka riƙa ce masa ɗan Legas.

Lokacin ina koyarwa a Dutsin-Ma, ina komawa gida Kurfi duk Juma'a. Na dasa shi a ƙofar gida, jikin katanga. Ƙasarmu ta yi masa nauyi, ganye ya soma yin rawaya, sai na ɗebo yashin rafi na gauraya, na yi masa rumfar kara saboda ranar bazara. Sai da ya shekara biyu kafin ya kai ƙugu ya yi fure.

Wata Asabar da kaka, bayan la'asar, aka rafka sallama, Baba ya fita. Maƙwabcinmu ne, Bafulatani mai 'yan shanunsa, wanda suka tsufa a sahu ɗaya da Baba a masallaci. Ko gaisuwa bai amsa ba.

"Alhaji, karsanata na can kwance, ciki ya kumbura kamar ganga. An gan ta da safe tana cin baƙon iccen nan naku."

Na leƙa ta zaure. Gefe guda na iccen a tsige yake. Manyan 'ya'yan maƙwabcin biyu na tsaye bayansa da sanduna, mutanen unguwa sun fara taruwa. A shekarar nan kowa ya san yadda ƙaramar magana tsakanin mai gona da mai shanu ke zama babba.

Baba ya ce, "Malam, zauna mu yi magana."

"Ba zama ya kawo ni ba."

Baba ya juyo gare ni. "Uwata, abin nan yana da dafi?"

"Wallahi Baba ban sani ba."

Gaskiya na faɗa, amma sai wuri ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ta yaya za a shuka abin da ba a sani ba a hanyar dabbobi. Na kira wani malamin dabbobi da na sani a Dutsin-Ma. Ya ce ga shi nan bisa babur.

Jiran nan ne ya fi komai tsawo. Ba wanda ya zauna, ba wanda ya tafi. Can Baba ya shiga gida ya fito da adda. 'Ya'yan maƙwabcin suka gyara tsayuwa. Ya wuce su, ya sare iccen tun daga gindi, sara uku, ya jefa shi gaban mutumin. Na cije leɓe.

Dab da magariba malamin ya iso. Ya huda gefen cikin karsanar, iska ta fita da wari, ta sauke numfashi. Ya tambayi inda ta yi kiwo. Babban ɗan ya ce da hantsi ta kufce ta shiga gonar da aka girbe, inda gyauron dawa ya tofo.

Malamin ya murza ganyen iccena ya sansana. "Wannan ban san shi ba. Amma abin da na gani aikin gyauro ne."

Maƙwabcin ya dubi ɗansa, bai dubi Baba ba. Aka kira salla, mutane suka watse.

Washegari karsanar ta miƙe. Matar maƙwabcin ta aiko da ƙwaryar nono, shi kuwa sai bayan mako guda ya dawo gaisuwar safe. Baba bai taɓa ta da zancen da ni ba. Ni ma na yi Juma'a biyu a jere ban je gida ba.