Ƙurajen da aka ɓoye wa Malam Sallau

Wata rana, sati uku bayan an yi wa Malam Sallau aikin ƙirji, sai ya ji bayansa na zugi kamar an watsa masa barkono.

Ɗinki ya hana shi waiwaye. Ƙanensa Ɗanliti ke masa wanka tun da aka sallamo shi, don haka shi ya tambaya.

Ɗanliti ya duba, ya ce ƙurajen zafi ne. Ya shafa masa hoda.

Ba na zafi ba ne. Masu ruwa ne, jere a gefe guda, sun taso daga baya sun nufi ɗinkin. Kuma a gaban Ɗanliti likita ta ce in aka ga wani baƙon abu a jikinsa, a dawo da shi a ranar.

To amma Asabar za a ɗaura auren 'yar Ɗanliti, Malam Sallau ne waliyyi. An riga an raba goro.

Kwana biyar ana ta hoda.

Ranar Asabar aka zura masa babbar riga. Ya ba da aure yana cije leɓe, mutane na ta masa barka da samun sauƙi.

Litinin likita ta ɗaga rigarsa ta duba. Ta ce ƙwayar ƙarambau ce ta yarinta, aikin ya raunana jiki ta farka. Da an zo cikin kwana uku, da magani ya fi kama ta. Ƙurajen za su bushe, amma zugin sai ya yi watanni.

A cikin Keke Napep, hanyar gida, Malam Sallau ya juyo da ƙyar ya dubi Ɗanliti.

"Tun ranar farko ka gani?"

"Na gani, Yaya. Na ce in suka kwantar da kai, wa zai ba da auren? Sai a ce mun ɓata."

"Waliyyi yana iya wakilta wani, Ɗanliti. Wannan zugin wa zan wakilta ya ɗaukar mini?"

Wata huɗu ke nan, ko riga ta taɓa wurin sai ya zabura. Suna gaisawa da Ɗanliti. Amma ya sa an sayo masa madubi biyu, don ya riƙa duba bayansa da kansa.

Darasi: Na daɗe ba na gari, na dawo na tarar har yanzu muna ɓoye wa marar lafiya ciwonsa don kada taro ya lalace. Wanda ya ba ka amanar jikinsa, faɗa masa abin da ka gani.

Ku tura wa duk mai jinya a gidanku.